Raddi Ga Masu Cewa "Hoto Bai Nuna Komai Ba, Iska Ce"

A Gagarawa Tasha, kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wata hujja ta samu gindin zama a majalisu. Za a sayar da riɗi a kai matashi mai taɓin hankali Kano a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, likita ya ce bai ga ƙari ko zubar jini ba, sai a dawo da hukunci: ba ciwon asibiti ba ne, iska ce. Wani daga nan sai mari a ƙafa. Masu faɗin haka tausayi ne ke damunsu, amma hujjar ba ta da tushe.

Sun ce da ciwo ne da hoto ya nuna. Abin da likita ke nema a hoton nan shi ne ƙari, rauni ko shanyewar ɓarin jiki. Sauyin da taɓin hankali ke zuwa da shi ƙanƙane ne, sai an auna dubban mutane yake fitowa. A 2016 ƙungiyar masu bincike ta ENIGMA ta gwada hotunan masu tsananin taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya 2,028 da na masu lafiya 2,540, ta samu hifokamfas, sashen da ke ajiye tunani, ya fi ƙanƙanta a marasa lafiyar, ramukan ruwan ƙwaƙwalwa kuma sun fi faɗi. A masu matsananciyar damuwa ragin hifokamfas bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Kamar riɗin gonaki biyu ne: auna buhu-buhu ka ga bambanci, ɗauko ƙwaya ɗaya ba za ka san gonarta ba. Tun 1990 ma a Amurka aka duba tagwaye 15 masu kama ɗaya, ɗaya na fama da sikizofireniya ɗaya lafiya lau. A 14 daga ciki, hifokamfas ɗin hagu na marar lafiyar ne ya fi ƙanƙanta. Uwa ɗaya, uba ɗaya, amma ƙwaƙwalwa ta bambanta.

Sun kuma ce hauka ɗaya ce, asibiti ne ke ƙirƙiro sunaye. A nan suna da ɗan rabo. Nazarin Jami'ar Stanford na 2015, wanda ya tattara bincike 193, ya gano wuraren da ke raguwa a cututtuka shida baki ɗaya. Sai dai girman sauyin ba ɗaya ba ne: ya fi yawa a sikizofireniya, ya ragu a baifola (ciwon da ke juyawa tsakanin tsananin zumuɗi da damuwa), ya ƙara raguwa a damuwa. Magungunansu ma daban ne, kuma wanda ke ɗaga mai damuwa kan iya tunzura mai baifola.

Zargi mafi nauyi shi ne ƙwayoyin asibiti ne ke cinye ƙwaƙwalwar. Gaskiya ne wasu magungunan na da alaƙa da sirancewar ɓawonta, shi ya sa ba a sha sai da kulawar likita. Amma Jacobi da Winkler sun ga faɗaɗar ramukan ruwan nan a masu sikizofireniya a Jamus tun 1927, maganin farko na ciwon kuwa sai 1952 ya fito.

Addu'a da ruƙiyya fa? Ba wanda ya ce a bari. Binciken Farfesa Oye Gureje a Ibadan da Kumasi, da aka buga a 2020, ya nuna marasa lafiyar da masu maganin gargajiya da na addini suka kula da su tare da ma'aikatan asibiti sun fi samun sauƙi.

Iyaye da malaman Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar su cire mari, su ci gaba da addu'a, su kai yaron asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau a Kano.