Ku Ɗauki Gora, Mu Hau Tudu!

'Yan'uwana mutanen Kontagora, maza da mata, ku tashi!

Ana cewa sunan garin nan daga bakin Umaru Nagwamatse ya fito, lokacin da ya iso bakin ruwa a 1864 ya ce wa jama'arsa a kwantar da gora. Sun kwantar, sun huta, sun kafa gari. To, jikoki, hutun ya isa haka. Ku ɗauki gorar nan, ku cika ta da ruwa, mu hau tudu!

Mutanen Abuja sukan hau duwatsun Ushafa ranar Asabar don kawai su hangi tafkin Usuma daga sama. Mu fa? Ga dam ɗin Tungan Kawo a bakin ƙofarmu. Ga tafkin Kainji yamma da mu, ruwan da ya taru tun 1968, ya miƙe sama da kilomita 100, ya haɗiye tsohon garin Bussa har sai da aka gina wa mutanensa sabo. Kifinsa muke saye, mu ci, mu suɗe yatsa. Amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa a kan tudu muka ga inda ya fito?

Ku je ku gani! Ku je da sassafe, hazo na kwance a kan ruwa, Sarkawa na jefa birgi daga kwale-kwale, balbelu sun yi fari fat a gaɓa. Gwiwa za ta yi ƙara, numfashi zai yi sama-sama, ba komai. Da ka kai ƙololuwa iska ta buge ka, sai ka ji bakinka ya ce Subhanallah ba ka shirya ba.

Na sani, akwai tsoro. 'Yan bindiga sun raba mu da dazuzzukanmu. Saboda haka kada kowa ya tafi shi kaɗai. Ku fara gaida mai gari. Ku tambayi 'yan banga da mafarauta, su suka san tudun da ke lafiya. Inda suka ce kar a je, kar a je.

Matasa, ku haɗu goma-goma. Malamai, ku kai ɗalibai. Iyaye mata, ku ma da ku, a ɗaura ɗamara! Mai hawan jini ya fara jin ta bakin likita. A sa takalmi mai kama ƙasa. A riƙe sanda saboda maciji. A zuba dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Ledar ruwan da ka sha, dawo da abarka gida. Kada a kunna wa ciyawa wuta. Kada a shiga kwale-kwale babu rigar ruwa.

Yau ɗin nan ku sa rana. Kira abokinka, ki kira ƙawarki. Ana sallame Asuba, gora a kafaɗa, sai bakin tudu!