Tarar Hanya: Horo Ne Ko Kasuwa?

Yau na ɗan jingine labari, zan taɓo maganar tarar da ake cin direbobi. Wai da gaske akwai garuruwan da ke riƙe 'yan sandansu da kuɗin tara?

A Amurka gari ne ke biyan 'yan sandansa, ba gwamnatin tarayya ba kamar namu. Manyan birane haraji ne ƙarfinsu, amma wasu ƙananan sun mai da titi gona. Ku dubi Faguson ta jihar Mizuri, mai mutum kusan 21,000 a 2010. Bayan ɗan sanda ya harbe Michael Brown a 2014, Ma'aikatar Shari'a ta bincika. Rahotonta na 2015 ya nuna garin ya tsara samun kusan kashi 23 cikin 100 na kasafinsa daga tara da kuɗin kotu, ana ta matsa wa 'yan sanda su ƙara kamu. Wata baiwar Allah an ci ta tarar dala 151 kan ajiye mota ba daidai ba. Ta biya 550, ta kwana shida a tsare, kuma ana bin ta 541!

Ni a ganina tara horo ce don a kiyaye rai. Ranar da albashin mai kamu ya rataya a wuyan direba, ta yaya zai so laifi ya ƙare? Talaka ne zai sha, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. A 2015 Mizuri ta yi dokar hana kuɗin tara wuce kashi 20 na kasafin gari. Ni da za a ji tawa, ko kwabo kada ya shiga asusun masu kamun.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.