Hasken Rana a Ɗakunan Karatu: Darasi daga Gando da Dandaji

Abin takaici ne a ce a ƙasar Hausa, inda rana ke haskawa kimanin awa 12 kullum, ɗakunan karatu na jama'a suna dogaro da ƙwan lantarki da rana tsaka. Da zarar an ɗauke wuta, sai zauren karatu ya yi duhu, ko a tayar da janareta, kuɗin sayen littattafai su ƙare a man dizal. Tushen matsalar yana cikin fasalin ginin.

Wasu na ganin mafita ita ce a lulluɓe bango da gilashi. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Gilashi yana shigo da zafi tare da haske, kuma a bazara na'urar sanyaya ɗaki za ta cinye duk abin da aka yi tsiminsa. Haka nan hasken rana na kai tsaye yana koɗar da tawada, yana raunana takarda, lamarin da ke barazana ga rubuce-rubucen ajami.

Abin da ya dace shi ne haske mai laushi: tagogi a sama kusa da rufi, masu fuskantar arewa ko kudu, da rumfa mai tare rana, da farin bango mai watsa haske cikin ɗaki. A Gando ta Burkina Faso, masanin gine-gine Francis Kéré ya yayyanka tukwanen ƙasa ya dasa su a rufin ɗakin karatu, haske na shiga ta bakinsu, zafi na fita. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, abin da ya nuna cewa ginin gargajiya na iya ɗaukar wannan aiki.

A nan ne manazarta Hausa suke da rawar takawa. Ilimin magina game da tubali da azara da bakan gizo da kaurin bango yana jibge cikin kundayen digiri. Ya kamata a fito da shi, a haɗa shi da lissafin injiniyoyi, a miƙa wa hukumomin ɗakunan karatu tun kafin a aza harsashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.