Prinzflex a goshi, Zenit a ciki

A gidajenmu na zango ba a rasa tsohon akwati da kyamarar fim ke kwance a ƙasansa, ta wani kawu da ya yi karatu a waje ko ta mai hoton unguwa da ya rasu. Yanzu da sha'awar tara irin waɗannan kayan ta farfaɗo, samari sun fara zaro su, kuma abin da suke fara dubawa shi ne sunan da ke goshinta. In sun ga Nikon ko Pentax sai murna. In sun ga sunan da ba su sani ba, sai su miƙa wa mai gwangwan. Muna ganin wannan kuskure ne, kuma Prinzflex 500E ta ishe mu hujja.

Babu masana'antar da ake kira Prinzflex. Suna ne da kantunan Dixons na Ingila suka riƙa liƙa wa kayan da suka sayo daga wasu ƙasashe a da. Wannan samfurin kuwa Zenit-E ce, wadda masana'antar KMZ ta garin Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta fara ƙerawa a 1965, aka kuma yi fiye da miliyan 3. A Jamus kamfanin Foto-Quelle ya sayar da ita da sunan Revueflex E. Riga ce kawai aka sauya mata don kasuwar Yamma.

Irin kyamarar nan ce mai madubi a ciki, wadda mai ɗauka ke leƙawa ta cikin gilashin da zai ɗauki hoton. Ba ta buƙatar batir ko kaɗan. Ma'aunin haskenta, wata 'yar taga a saman gilashin, da sinadarin seleniyom yake aiki, hasken da kansa ne ke motsa allurar. Labulenta na ƙyalle ne, saurinsa daga 1/30 zuwa 1/500 na daƙiƙa, sai kuma B don buɗewa mai tsawo. Gilashinta murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba, a ma'aunin M42, don haka na Praktica da na tsofaffin Pentax duk suna hawa kanta. Wanda ya yi sa'a zai same ta da Helios-44, mai tsawon milimita 58, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na Zeiss. Masu ɗaukar hoto na yau suna nemansa saboda yadda yake juya bayan hoto ya zama kamar guguwa.

Ba za mu yi mata yabon da ba ta cancanta ba. Nauyi gare ta kamar dutsen guga, kuma tagar leƙenta ba ta nuna dukkan abin da zai fito a fim. Ba ta da tsada ma, domin ta yi yawa a duniya. Wanda ya ɗauke ta don ya yi arziki ya yi ɓatan kai. Amma ƙarfe da ƙyalle ne, abin da mai gyara na kasuwa zai iya buɗewa ya gane, ba kamar na'urorin yau da ake jefarwa in sun tsaya ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu tarawa don ado, a jera su a kabad kamar kwanukan amarya. Zama ne ke kashe waɗannan injuna: mai ya daskare, labule ya bushe, laimar Akara ko Duwala ta haifar da fumfuna a cikin gilashi, seleniyom kuma ya raunana in an bar shi a haske shekara da shekaru.

Kafin ku rabu da taku, ku buɗe bayanta, ku fuskanci taga, ku ja hannun ku danna a kowane sauri. In labulen ya wuce ba tare da maƙalewa ba, kuma babu hudar da haske ke ratsawa, ku nemi fim mai milimita 35 ku sa mata kafin Sallah mai zuwa.