Ba a Kemis Ake Sayen Lafiyar Hanji Ba

A daminar 2022, lokacin da ruwa ya shanye gonaki a Auyo da Kafin Hausa, rijiyoyi suka haɗe da masai, ɗan ƙanwata ya kamu da zawo a nan Hadejia. Kwana biyu yana tsugunno, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Uwarsa ta garzaya kemis. Mai shagon ya haɗa mata Flagyl da wani ɗan kwali mai hoton jariri yana dariya. "Hajiya, wannan ƙwayoyin halitta ne masu rai, daga waje ake kawo shi, shi zai gyara masa ciki." Bai ko ambaci ruwan gishiri da sukari ba.

Wannan ra'ayi ne ya game gari yanzu, har a bakin 'yan boko: wai hanji na buƙatar furobayotik, wato irin waɗannan ƙwayoyin halitta masu rai, a ƙwaya ko a yogot ɗin kanti, kuma mai son ɗansa sai ya saya. Ban yarda ba, kuma binciken da ake fakewa da shi ma bai faɗi haka ba.

Gaskiya ne cikin kowane mutum cike yake da ƙananan halittu masu taya shi narkar da abinci da kare shi daga cuta. Amma a 2018 an gwada furobayotik a kan yara masu gudawa, sama da 900 a Amurka, sama da 800 a Kanada, aka buga sakamakon a New England Journal of Medicine. Waɗanda suka sha da waɗanda aka ba hoda marar magani, tare suka warke. A shekarar dai, masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka gano abin da ya fi tayar mini da hankali: mutanen da suka sha furobayotik bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta, halittun hanjinsu na asali sun yi watanni ba su dawo daidai ba. Baƙin sun tare wa 'yan gida hanya. Akwai inda ya yi rana, kamar gwajin jarirai 4,556 a jihar Odisha ta Indiya a 2017, amma wannan nau'i ne guda da aka zaɓa don cuta guda, ba duk kwalin da ya faɗo kasuwa ba.

To, me ke raya halittun nan? Amsar tana cikin rumbunmu. A 2010 masu bincike suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da yaran birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, sun fi yawan nau'o'in halittun hanji, kuma cikinsu ya fi samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. Abincin kakanninmu ke nan: tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, fura da kindirmo, daddawar da kalwarta ta kwana uku a rufe tana tsima. Yau a gidajen bakin fadama, gero ya koma abincin talaka, farar shinkafa da taliya sun hau kujerarsa, dunƙulen ɗanɗano ya kori daddawa. Mun kashe wa halittun nan kasuwa, muna bin su da Flagyl, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kan kowace murɗawar ciki, sannan mu biya kuɗi a kawo mana wasu daga Turai.

Ba ina cewa duk nonon da ke cikin ƙwarya magani ba ne. Madarar da ba a tafasa ba kafin a kwantar da ita, ko nonon da aka sirka da ruwan kududdufi, cuta yake rabawa, kuma amai da gudawar 2021 ta nuna wa Jigawa abin da gurɓataccen ruwa ke yi. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce maganin zawon yara shi ne ruwan gishiri da sukari tare da zinc, a ci gaba da shayarwa da ciyarwa.

Shi aka ba ɗan ƙanwar tawa a asibiti a rana ta uku, cokali-cokali, uwarsa na riƙe da kansa a cinya. Da yamma ya buɗe ido ya nemi kunu.