MU LEƘA DUNIYA: Alsas, Ƙasar da Aka Yi Ta Ja-in-ja a Kanta

A wannan wata za mu kai ku wata 'yar ƙasa a bakin kogin Rain, tsakanin Faransa da Jamus. Sunanta Alsas, babban birninta Strasbourg.

A dā harshen gida na yawancin mutanen wurin ɗan'uwan Jamusanci ne, amma Sarkin Faransa, Luwis na 14, ya ci Strasbourg a 1681. A 1871 Jamus ta ƙwace ƙasar. A 1918 ta koma hannun Faransa, a 1940 sojojin Hitler suka shigo, a 1945 ta sāke komawa. Ku lissafa: wanda aka haifa a 1865, in ya kai shekara tamanin, sau huɗu aka sauya masa ƙasa, shi kuwa yana zaune a gidan ubansa. Kowane mai mulki ya zo sai ya sauya harshen makaranta da sunayen tituna. Mafi zafi, daga 1942 aka kwashi samari wajen 130,000 daga Alsas da maƙwabciyarta Mosel, aka sa su sojan Jamus dole. Dubbai ba su komo ba.

Ba kuma kabila ɗaya ba ce. Akwai masu Faransanci a kwaruruka na kan duwatsu, akwai Yahudawa da suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙauyuka, daga baya Turkawa da mutanen Maroko da Aljeriya suka zo neman aiki. John Calvin ma baƙo ne a Strasbourg daga 1538 zuwa 1541, yana kiwon ikilisiyar 'yan gudun hijira.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɗakunan sujada. A 1684 Sarki Luwis ya ce duk garin Furotestan da ke da gidajen Katolika bakwai, sai a ba su gefen bagade. Gini ɗaya, ikilisiya biyu, kowa da lokacinsa. Kada mu yi wa abin ado: tilas aka yi, an kuwa sha gardama a kan ƙararrawa da lokacin sujada. Duk da haka wajen hamsin suna nan har yau.

Ɗaya daga cikinsu tana ƙauyen Gunsbach, inda mahaifin Likita Albert Schweitzer ya yi aikin fasto. An haifi Schweitzer a 1875, Bajamushe a takarda. A 1913 ya buɗe asibiti a Lambarene, ƙasar Gabon, wadda Faransa ke mulki. Da yaƙi ya tashi sai aka ɗauke shi abokin gāba, har a 1917 aka kwashe shi da matarsa zuwa sansanin tsare mutane a Faransa. Ana gama yaƙin, sai ga shi ya zama Bafaranshe! Ya koma wurin majinyatansa a 1924, a can kuma aka binne shi a 1965.