Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gugguru Na Dutse Da Kewaye



Iyayena mata, yayyena da ƙannena masu sana'ar gugguru a Garu, Takur, Yalwawa da Gida Dubu, har da na Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, ina gaisuwa. Ya aiki, ya kasuwa? Allah ya sa wa nema albarka.

Ni dai mai saye ne, amma a gidan da ake yi na tashi. Goggona ta yi shekaru tana suyar gugguru, ni ne kuma ɗan hura wuta da ɗaukar faranti. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana, ko da kaɗan ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, kwanan baya na saya wa yara ƙulli uku a bakin wata makaranta. Launi ja kamar an rina shi a marina, zaƙi har yana hawa kai, amma na sama yana danƙo a haƙori, gindin ledar kuma tsaba ce zalla da ta ƙi fashewa. Da na yi wa mai shi magana sai ta ce, "Wallahi Malam, masarar bana ce ba ta da kyau." Ban yi mata musu ba. A raina dai na san masarar lafiyarta ƙalau, ƙishirwa ce ta kama ta.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, gugguru ma da ruwan cikinsa yake tashi. Kowace ƙwaya tana da ɗan danshi a ciki, kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na nauyinta idan tana daidai, ga kuma ɓawo mai tauri da ya rufe ta ruf. Idan ta ji wuta, ruwan nan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, ya dafa garin da ke ciki ya yi laushi. Da zafi ya kai wajen digiri 180 sai ɓawon ya yage, garin ya kumbura ya fito fari, ya sandare nan take. Shi ke nan sirrin. Masarar tuwo ba ta yin haka domin ɓawonta yana barin tururi ya tsere. Ƙwayar gugguru da ta bushe fiye da kima ita ma ba ta da abin da za ta fashe da shi, sai dai ta ɗan tsage baki ko ta ƙone tana kallonku.

To ku duba garin da muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana tsage leɓe da dunduniya, daga nan bazara ta shigo da zafin da kan haura digiri 40. Buhun masarar da aka bari baki buɗe a zaure ko kusa da murhu, me zai hana shi bushewa? Maganin ba ya cin ko sisi. A sami kwalba ko roba mai murfin da ke rufuwa sosai, mai cin lita ɗaya, a zuba masara ta wuce rabi, a sa ruwa cokalin cin abinci ɗaya tak. A rufe, a girgiza har ruwan ya ɓace, a riƙa girgizawa safe da yamma kwana biyu ko uku, sannan a gwada. Ban ce a jiƙa ba. Ruwa in ya yi yawa fumfuna yake kirawa, kuma masara da gyaɗa masu fumfuna suna iya ɗaukar gubar da likitoci ke kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, suya kuma ba ta kawar da ita. Duk ƙwayar da ta yi kore ko baƙi, ko take warin gumi, a zubar, kada a ce za a rufe da sukari.

Tun wajen saye ma a fara lura. Ranar Litinin in kun shiga kasuwar Shuwarin, ko kun aika a sayo muku daga Kano, kada ku ɗauki buhu kafin ku gwada gwangwani. Ku ƙirga ƙwaya ashirin ku soya. In fiye da biyu ko uku suka ƙi tashi, ko dai ta bushe, ko an gauraya ta da wata masarar, ko ƙwari sun huda ta. Ƙwayar da ƙwaro ya huda ta gama aiki, don tururin ta nan zai bi ya fice. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada sai an karɓi kuɗin mai biki sannan a gano abin da ke cikin buhu.

Na san wasunku sun ƙwallafa rai a kan injin nan mai gilashi da fitila, irin wanda ake gani a bakin shaguna da inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ke taruwa. Injin yana da kyau, yana jan ido. Kakansa wani Ba'amurke ne ya ƙera shi, Charles Cretors, a Chicago a 1885. Sai dai mutanen ƙasar Peru sun ci gugguru fiye da shekara 6,000 da suka wuce ba su san inji ba, kuma busasshiyar ƙwaya ko a cikin gilashi ba za ta fashe ba. Tukunya mai kaurin gindi, irin ta dalma da ake zubawa a maƙera, da murfi mai kyau, sun wadatar.

Ga yadda na ga ana yi, na kuma gwada da hannuna. Gwangwanin madara ɗaya na masara, man gyaɗa cokali uku zuwa huɗu. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan sana'a ku auna, domin masara in ta hau kan juna a gindin tukunya ta ƙasa ƙonewa take, ta sama kuma ba ta ji wuta ba. A jefa ƙwaya uku cikin man a jira. Sun fashe, mai ya yi. A zuba sauran, a sauke tukunyar kamar rabin minti don zafi ya ratsa su tare, a mayar. Murfin kuma a ɗan karkace shi tururi ya sami kafa. Wannan danƙon da na ji a haƙori, yawancinsa tururin da aka kulle ne ya koma ya jiƙa abin da ya riga ya fashe. A riƙa girgiza tukunya, kunne kuma yana aiki: da kun ji tas ɗin ya ja baya, ana ƙirga biyu ko uku tsakanin fashewa da fashewa, a sauke a juye a faranti mai faɗi. Mai jiran ƙwayar ƙarshe ita ke ƙona tukunya guda. Masu gawayi su bari harshen wuta ya kwanta, garwashi ya fi biyayya.

Yanzu ga inda na fi jin ciwo, wato abin da ake sa masa. Sukari ya yi tsada, na sani, shi ya sa wasu suka koma sakarin da garin launi. Sakarin yana barin ɗaci a bayan harshe, launin da ake saya a ƙulle ba suna ba takarda kuwa ba ku san abin da ke ciki ba, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci. In sukari za a sa, sulusin gwangwani ya ishi gwangwanin masara. A zuba shi tare da masarar bayan mai ya yi zafi, hannu kuma kada ya huta da girgiza, domin sukari yana fara yin ja tun kafin ƙwaya ta kai zafin fashewa, sakaci kaɗan ya koma baƙi mai ɗaci. Ɗan gishiri kaɗan yana ɗaga zaƙi, har a rage sukarin ba a gane ba. Amma a daka gishirin ya yi laushi kamar gari, in ba haka ba gindin leda zai tare. Garin madara kuma ba ya shiga tukunya, sai an juye an barbaɗa da sauran ɗumi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke zaune a kan arziki muna kwaikwayon ɗanɗanon wasu. Riɗin Jigawa har ƙasashen waje ake fita da shi. Dutse garin dabino ne, har tashar binciken dabino ta NIFOR a nan take. Amma na zaga gari ban taɓa cin karo da guggurun riɗi ko na dabino ba. Ku gwada wannan: a narka mazarƙwaila da ruwa kaɗan, a tace ta saboda tsakuwa, a dafa har in an ɗiga a ruwan sanyi ɗigon ya sandare ya karye ƙas. A watsa soyayyen riɗi, a zuba gugguru, a juya da sauri da muciya, a baza a faranti mai shafin mai. Duk wadda ta iya kantu ta riga ta iya wannan, hannun ɗaya ne. In ɗigon yana lanƙwasa bai karye ba, a ƙara masa wuta, in ba haka ba washegari zai zama curi. Dabino shi ba ya son tukunya. Busasshe ake cire wa ƙwallo, a daka, a tankaɗe, a barbaɗa a kan gugguru mai ɗan maiƙo.

Manya kuma ba kowa ke son zaƙi ba, ga masu ciwon sukari da ke kallon gugguru daga nesa. Yajin ƙuli da ake sa wa tsire, mai citta da masoro da ɗan barkono, in ya hau gugguru mai zafi, direbobin tasha da 'yan majalisar dare za su neme ku da kansu. Dabarar ita ce maiƙo, don yaji ba ya kama busasshen gugguru. Soyayyen man shanu ya fi komai a nan, wanda aka soya da albasa aka tace. Ɗanyensa kada ya shiga tukunya, sauran nonon da ke cikinsa ƙonewa yake kafin masara ta motsa.

Kafin a ƙulla, a bari ya huce sarai, a sa faifai a bakace, tsabar da ta ƙi fashewa ta ware. Ita ce ke fasa haƙori, ita ce kuma ke shaƙe ƙananan yara. Likitocin yara ma cewa suke kada a ba wanda bai kai shekara 4 ba gugguru, don haka in kun ga yarinya ta saya tana tura wa ƙanenta na goye a baki, ku tsawata. Da damina kuma lissafin juyewa yake. Iskar Agusta cikin ɗan lokaci take mayar da gugguru kamar auduga, sai a yi kaɗan-kaɗan, a liƙe bakin leda da wuta maimakon ɗauri. Man da ya yi baƙi a bar shi ya tafi, ɗacinsa yana bin kowace ƙwaya.

Goggona ba da masara kaɗai take yi ba. Wani lokaci dawa take zaɓa, mai tauri, ta zuba a kasko cikin wankakken yashi mai zafi kamar yadda ake suyar gyaɗa, babu mai ko ɗigo, ta tankaɗe yashin da rariya. Ƙanana ne, farare, ba su kai na masara girma ba, amma ba sa maƙalewa a haƙori, ƙamshinsu kuma daban yake. Ba kowace dawa ke tashi ba, sai an gwada tafi guda daga iri biyu ko uku. Takan haɗa mana da soyayyiyar gyaɗa, haɗin da Yarbawa ma ke ji da shi, su da ke kiran abin guguru kamar mu. Dawa ga ta nan a rumbunan Kiyawa da Jahun, ba sai an jira mota daga Kano ba. Wadda duk ta fara gwadawa a cikinku ta ajiye mini ƙulli biyar, ɗaya da yaji.

Wassalam.

Ɗan'uwanku, mai sayen gugguru a Dutse.